Wata 14 ina riƙon ƙwarya a sito: in yi magana ko in yi shiru?

Admin: Assalamu alaikum. Wani ɗan'uwa ne ya turo mana wannan ta bayan fage, ya roƙi a sakaya sunansa. A taimaka masa da shawara. Ban da zagi, kuma ko mutum ya gane kamfanin kada ya kama suna, zan goge. Amsoshinsa ta hannuna za su riƙa fitowa.

"Ina aiki a wani kamfanin sarrafa shinkafa a nan Gombe, yau shekara shida. Da difloma na shiga a matsayin akawun sito, ni ke rubuta abin da ya shigo da abin da ya fita. Wata 14 da suka wuce shugaban siton ya ajiye aiki ya koma garinsu. Manaja ya kira ni ofis, ya miƙo min makullai a ɗaure da wata koriyar igiya, ya ce riƙe kafin a samo wani. Tun ranar ni ke buɗewa ƙarfe shida da rabi na safe, ni ke tsayawa a kan sikeli in an kawo shanshera daga Dadin Kowa, in tirela ta zo lodi sha ɗayan dare ni ake tasowa daga gida. Albashina dubu 85, yadda yake tun kafin makullan. Katin aikina har yanzu akawu aka rubuta.

Yanzu kuma na ji ƙishin-ƙishin za a kawo ƙanen matar manaja, wanda bai daɗe da gama hidimar ƙasa ba, a ɗora shi a kujerar. Damuwata ita ce mai kamfanin aminin kawuna ne, kawun ne ma ya kai ni da hannunsa. Ban taɓa haɗa ido da Alhaji ba, balle in ce ya ƙara min. In tura kawu? In rubuta takarda? Ko in yi shiru in bar wa Allah?"

Ɗan Tumfure: Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Malam fara neman wani aikin tun yanzu. Yaron nan sai an kawo shi, kai za ka koya masa aikin, ƙarshe shi zai riƙa sa maka hannu a takardar hutu.

Baba Mai Fansho: Yaro, tambaya ɗaya kafin komai. Ranar da aka ba ka makullan, an haɗa maka da takarda?

Mai tambaya: A'a Baba, da baki ne kawai.

Baba Mai Fansho: To nan gizo ke saƙa. Ni shekara 35 na yi a aikin gwamnati, na fara a tsohuwar jihar Bauchi, da aka ƙirƙiro Gombe ranar 1 ga Oktoba 1996 muna cikin waɗanda suka kwaso fayil-fayil suka dawo gida. A can ƙarin girma ba roƙonsa ake ba, layi ake bi. A ƙa'idar aikin gwamnatin tarayya, wadda jihohi suke kwaikwayo, mai matakin albashi na 06 zuwa ƙasa sai ya yi aƙalla shekara biyu a mataki ɗaya, daga 07 zuwa 14 shekara uku, daga 15 zuwa sama shekara huɗu. Mu a zamaninmu sai an cike maka fom ɗin APER, wato na auna ƙwazon ma'aikaci, na kowace shekara, ka zauna jarrabawa ko ka je gaban kwamiti, sannan kuma a ga akwai gurbi. Ko riƙon ƙwarya aka ba ka, a rubuce yake zuwa, kuma yana da alawus ɗinsa. Duk da haka na ga mutanen da shekarunsu suka cika aka tsallake su, don kawai fom ɗin shekara ɗaya ya ɓata daga fayil, su kuma ba su taɓa taka ƙafa sun duba ba. To inda ma akwai doka a rubuce mai shiru yana yin asara, ina ga wurin da dokar tana cikin aljihun mutum ɗaya?

Malamin Bolari: Allah ya ƙara wa Baba lafiya. Ni dai zan tunatar da ɗan'uwa. Hadisi ya tabbata a Bukhari da Muslim cewa Annabi (SAW) ya hana Abdurrahman ɗan Samura neman shugabanci, ya ce wanda aka ba don ya nema za a bar shi da shi, wanda aka ba ba tare da ya nema ba za a taimake shi. Ka riƙe amana, ka dage da addu'a. Rabonka ba ya wuce ka.

Maman Ilham: Allah gafarta Malam, to Annabi Yusuf fa? Ba shi da bakinsa ya ce wa sarkin Masar a ɗora shi a kan taskokin ƙasa ba, har ya ce shi mai tsarewa ne, masani? Aya ta 55 a cikin surarsa. Kuma in an duba da kyau, sito ne fa ya nema, siton hatsi ma kuwa.

Babarbaren Jekadafari: Wallahi Hajiya kin kashe bakin kowa. Admin ba sai ka faɗa ba, mai tambayar nan Bafulatani ne. Shekara shida bai haɗa ido da ubangidansa ba! Da ɗan gidanmu ne, ranar da aka miƙo makulli zai ce nawa ne kuɗin igiyar.

Mai tambaya: Bawana, yi shiru manya na magana.

Babarbaren Jekadafari: Kun ji ko? A nan yana da baki.

Malamin Bolari: Hajiya kin yi daidai, kuma malamai sun haɗa nassosin biyu. Abin da aka hana shi ne kwaɗayin mulki, ko mutum ya nemi abin da ba zai iya ɗauka ba, kamar yadda Abu Zarri ya nemi a ba shi aiki aka ce masa shi mai rauni ne, abin kuma amana ne. Wanda ya san zai iya, kuma yana tsoron in ya yi shiru amanar za ta faɗa hannun da bai dace ba, babu laifi ya gabatar da kansa. Da na sake karanta saƙon ma, na ga wannan bawan Allah ba kujerar yake nema ba, yana kanta tun bara. Ladan aikin yake nema, wannan kuwa babin ƙwadago ne, haƙƙi ne, kuma an umarce mu da mu biya ma'aikaci kafin guminsa ya bushe. Na janye rabin maganata. Rabin addu'ar yana nan.

Abban Sadiq: Bari in yi magana a matsayin wanda yake da yara a ƙarƙashinsa. Ina harkar hatsi a Tudun Hatsi, mutum tara ke ci a hannuna. Don Allah ƙanena kada ka tura kawu. In yarona ya turo min dattijon da nake jin nauyinsa, ya ɗaure ni ne da jijiyar jikina. Zan ce to saboda kunya, amma abin zai tsaya min a rai, daga ranar kuma kallon da nake masa ya canja: wannan in mun saɓa, taron dangi zai haɗa min. Na fi son yaro ya zo da ƙafarsa ya durƙusa ya ce Alhaji ga abin da nake yi, ga abin da nake roƙo. Ko ban ba shi a ranar ba, na san ina da namiji a sito.

'Yar Kaltungo: Amma Abban Sadiq ba kowane Alhaji ba ne kai. Wani in ka tunkare shi kai tsaye cewa zai yi ka fara girman kai, an kawo ka kana roƙo yau kana ciniki. Kawun nan shi ya kawo shi. In ya ji labarin a bakin Alhaji ba a bakin ɗansa ba, wani sabon rikici ne a gida.

Abban Sadiq: Wannan gaskiya ne. Ya je ya gaida kawun, ya sanar da shi, ya nemi albarkarsa. Sanarwa daban, aike daban.

Maman Ilham: To ni ɓangaren kula da ma'aikata nake a wurin aikina, irin waɗannan takardun ta teburina suke bi. Abin da ke kashe yawancinsu tun layin farko shi ne kuka. Matata ta haihu, mai gida ya ƙara kuɗin haya, tun da aka cire tallafin mai a 2023 kuɗin Keke ya ninka. Duk gaskiya ne, amma mai gadin ƙofa ma haka yake fama, direba ma haka. In aka ƙara maka don tsadar rayuwa sai an ƙara wa kowa, shi ya sa ake cewa a yi haƙuri ana dubawa. Kai abin da kake da shi wanda babu mai shi, shi ne wata 14 ɗin nan. Me ya canja a siton tun da ka karɓa? Ka faɗa min kamar ni ce Alhajin.

Mai tambaya: Anti ban san ko wani abin kirki ba ne. Da duk ƙarshen wata in an yi ƙidaya sai a ga giɓin buhu bakwai, takwas, wani watan har sha biyu, a ce ɓera ne ko kuskuren lissafi. Da na karɓa sai na sa duk direban da ya yi lodi ya ƙirga da ni a bakin mota, ya sa hannu a wani baƙin littafi da na saya da kuɗina, mai gadi ma ya sa nasa kafin a buɗe ƙofa. Wata tara ke nan giɓin bai wuce buhu ɗaya ba, wata huɗu ma babu ko ɗaya. Sannan da damina na roƙi a kawo katako aka ɗaga buhunan daga ƙasa, bana ba mu zubar da wadda danshi ya ɓata ba.

Maman Ilham: Innalillahi. Wai ba ka san ko abin kirki ba ne! Ka ɗauki giɓin da, ka cire na yanzu, ka buga da kuɗin buhu mai kilo 50 a farashin da kamfaninku ke sayarwa. Za ka ga abin da kake tsare wa Alhaji a wata ya ninka albashinka. Wannan lissafin za ka sa a shafi ɗaya tak, wata-wata, ba dogon turanci. Alhaji ya san da littafin nan?

Mai tambaya: Ban jin ya sani. Rahoto manaja ke kai masa.

Ɗan Tumfure: Shi ke nan. Wani ya ci da guminka tuntuni.

Malamin Bolari: A guji zato dai.

Baba Mai Fansho: Mu an raine mu da cewa yabon kai jahilci ne. Amma waɗanda suka faɗi wannan su suka ce ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Karanta wa mai dukiya lissafin dukiyarsa ba yabon kai ba ne.

Baristan Zaure: Na makara, amma bari in sa baki ta fuskar doka, don kada wani ya zuga shi ya ce kotu. Kotunan ƙasar nan sun daɗe a kan cewa ƙarin girma alfarma ce ta mai ɗaukar aiki, ba haƙƙin da za ka tilasta ba, sai in wata yarjejeniya a rubuce ta ce akasin haka. Mafi ƙarancin albashi kuma, tun Yulin 2024 dubu 70 ne, kuma bai hau kan wurin da ma'aikatansa ba su kai 25 ba. Kai kana sama da shi, don haka ba nan ƙofarka take ba. Abin da ya tsaya min a rai daban ne. In gobe aka wayi gari buhu ɗari ya yi ɓatan dabo, wa 'yan sanda za su fara ɗauka? Mai makulli. Ranar ba wanda zai tuna cewa akawu aka rubuta a katinka. Kana ɗauke da alhakin shugaban sito, ba ka da takardarsa, ba ka da albashinsa, ba a ma yi ƙidayar miƙa aiki an sa hannu ranar da ka karɓa ba, in na fahimta daidai. Dokar ƙwadago ta ce a ba ma'aikaci sharuɗɗan aikinsa a rubuce cikin wata uku da farawa, in wani abu ya canja a cikinsu a sanar da shi a rubuce. Ko sisi ba a ƙara maka ba, takardar nan dole ka nema. Kuma gargaɗi: baƙin littafin nan, duk da kai ka saya, bayanan kamfani ne a ciki. Kada ka kai shi gida, kada ka ɗauki hotonsa ka turo nan.

Mai tambaya: Barista wallahi jikina ya yi sanyi. Ban taɓa kallon abin ta nan ba. Ba a yi wata ƙidaya ba, makullan kawai aka ba ni.

'Yar Kaltungo: Sai dai ka kula da ɗaya gefen. Ni a wani wuri da na koyar, ba zan faɗi ina ba ne, an ba ni takardar ƙarin girma har muka yi walima da lemo a ɗakin malamai. Aiki ya ƙaru, azuzuwa suka ƙaru, albashi bai motsa ba sai bayan shekara biyu, ariyas ɗin kuwa, wato cikon kuɗin watannin baya, har na bar wurin ban ga ƙeyarsa ba. In Barista ya sa ka ce takarda kawai kake so, za su ba ka takarda da murna. Takarda ba ta auno masara a kasuwa.

Maman Ilham: Shi ya sa zai nemi biyun a numfashi ɗaya, kuma ya faɗi adadi. Kada ka ce "duk abin da Alhaji ya ga ya dace". Wannan kalmar ladabi ce, amma dubu biyar take haifarwa. Ga yadda zan faɗa in ni ce: "Ranka ya daɗe, wata 14 ke nan ina riƙe da sito. Ga yadda na same shi, ga yadda yake yau. Ina roƙon a tabbatar min da matsayin a rubuce, a kuma daidaita albashina da shi. Abin da nake fata kaza ne." Daga nan ka yi shiru. Shirun zai yi maka nauyi, za ka ji kamar ka ce ko ma ba yanzu ba. Cije.

Gimbiyar Herwagana: Ni fa ina ga ku 'yan boko kuna wahalar da shi. Alhazan nan namu mutanen tausayi ne. Ya je ya faɗi halin da gidansa ke ciki kawai, za a share masa hawaye.

Abban Sadiq: Za a share, Gimbiya. Za a ce a ɗauko masa buhu ɗaya a sa a mashin, a ƙara da dubu ashirin na cefane. Ni ma haka nake yi. Wata mai zuwa kuma yaron manaja na kan kujera. Sannan ƙanena, abu biyu. Kada ka ce wani wuri na nemanka in ba gaskiya ba ne, domin irina cewa zan yi Allah ya sa alheri, ajiye makullin. Kuma kada ka ambaci ƙanen matar manaja ko da wasa. Ba ka ji ba, ba ka gani ba. Ka zaɓi lokaci: ba ranar biyan albashi ba, ba ranar da aka sayi man janareta ba. Ranar da mota ta fita da kaya kuɗi suka shigo.

Ɗan Tumfure: To duk wannan ta hannun wa? In ya ba manaja takardar, a cikin durowa za ta tsufa. Mutumin da ke son kujerar wa surukinsa!

Maman Ilham: In ya tsallake manaja kuma, ko ya ci nasara da wa zai yi aiki kullum? Alhaji sau nawa yake zuwa a mako? Manaja kuwa kullum yana nan.

Baba Mai Fansho: Wannan tsohuwar matsala ce kuma ofis ya daɗe da warware ta. Takarda zuwa ga Alhaji, ta hannun manaja, haka za a rubuta a samanta. Ka yi guda biyu, ka miƙa ɗaya, ka roƙi a sa maka hannu da kwanan wata a ɗayar. Ka ba shi mako guda. In shiru, ranar da Alhaji ya zo ka gaishe shi ka ce ranka ya daɗe akwai 'yar takardata a wurin manaja, ko ta iso. Ba ka kai ƙarar kowa ba, ba ka tsallake kowa ba.

Babarbaren Jekadafari: In bakin ya ƙi buɗuwa ka kira ni in raka ka. Kuɗin rakiya buhu ɗaya.

Admin: Jama'a, mai tambayar nan ta sito ya dawo bayan kwana goma sha ɗaya. Ga saƙonsa.

Mai tambaya: Allah ya saka wa kowa da alheri. Na fara zuwa wurin kawu. Ya yi shiru ya daɗe, sannan ya ce da ka turo ni ma ba zan je ba, mai 'ya'ya uku ba a yi masa baki. Ya yi min addu'a. Na kai takarda, manaja ya karanta a tsaye, ya ce shafin lissafin nan wa ya sa ka, na ce ba kowa. Ya sa hannu a tawa amma bai rubuta kwanan wata ba, ni ma na kasa cewa ya sa. Mako ya wuce shiru. Ranar Asabar Alhaji ya zo, bayan sallar la'asar yana neman takalminsa a ƙofar masallaci na ɗauko masa, na faɗi abin da Baba ya koya min. Muryata rawa take kamar mai zazzaɓi. Ya kira mu ofis mu biyu. Ya sa tabarau ya bi shafin da yatsa layi-layi, sannan ya sa na ɗauko baƙin littafin ya gwada wata uku da kansa. Ya ce nawa kake ɗauka? Na faɗa. Ya juya ya kalli manaja, ya ce ni na zaci an gyara wa yaron nan tun bara. Na nemi dubu 135, ya ce 110 yanzu, bayan an gama sayen kaka a sake zama. Za a ba ni takardar shugaban sito, kuma ya ce a yi ƙidaya gaba ɗaya a sa hannu. Yaron kuma za a kawo shi, amma akawu, a kan tsohon teburina. Manaja kwana biyu ke nan da hannu yake amsa gaisuwata.

Maman Ilham: Alhamdulillah! Ka yi shirun bayan ka faɗi adadin?

Mai tambaya: Na yi Anti, amma sai da na danne babban yatsan ƙafata a cikin takalmi.

Ɗan Tumfure: Ina taya ka murna, amma an kawo maka ɗan leƙen asiri har cikin ɗaki. Kowane buhu ka ƙirga sau biyu.

Abban Sadiq: Ka koya wa yaron aiki tsakani da Allah, ka ci gaba da gaida manaja ko da ƙafa zai amsa. Maganar bayan kaka kuma kai za ka tuna, Alhaji ba zai tuna ba.

Baba Mai Fansho: Takardar ta fito?

Mai tambaya: Tukuna Baba. Sakataren manaja ne zai buga.

Baba Mai Fansho: To ka riƙa leƙawa. In ta fito, kafin ka ce na gode duba kwanan watan da aka ce matsayin ya fara, daga ranar da ka karɓi makulli ne ko daga ranar da aka buga. Ka duba ko an rubuta 110 ɗin a ciki. Sannan ka yi mata kwafi biyu, ɗaya ka kai gidan kawun.